Kafin Ka Jefar Da Tsohon Alƙalamin Baba

Yau maganar alƙalami za mu yi, irin mai shan tawadar nan da tsofaffin malaman firamare da ma'aikatan En'e suke maƙalawa a aljihun gaba. A nan wajenmu, Gaya da Ajingi, in aka buɗe akwatin wani dattijo sau da yawa za a tarar da shi a cikin takardu. Sai yara su gwada, ya ƙi rubutu, shi ke nan a ce ya mutu.

Galibi toshewa kawai ya yi. A ƙarƙashin bakin ƙarfen nan akwai wata siririyar hanya, kamar silin gashi, ta nan tawada ke gangarowa. In aka ajiye shi shekaru, ga bushewar hunturu irin tamu, ruwan tawadar sai ya ƙafe, launin ya daskare a hanyar.

Duba sunan da ke jikinsa tukuna. In ka ga Parker 51, wanda ya fito a 1941, to wallahi ka riƙe shi da kyau, masu tara kayan tarihi suna nemansa. Hero 616 na ƙasar Sin kwaikwayonsa ne, mai araha, amma shi ma yana tashi.

Ka samu kofi da ruwan leda. Kwance gangar jikin, ka tsoma ɓangaren bakin kawai, ya kwana a ciki. Da safe za ka ga ruwan ya rine. Canza ruwa, ka riƙa matsa 'yar jakar robar da ke ciki a hankali, tana zuƙa tana fesarwa, har ruwan ya fito fes. In ya yi taurin kai, ɗiga sabulun wanke-wanke ɗigo ɗaya, ka ƙara masa kwana biyu, sannan ka ɗauraye sosai. Sai ka kifa bakin a kan tsumma mai tsabta ya tsane. In robar ta ƙage tana marmashewa kuwa, sai an sa sabuwa.

Don Allah ban da ruwan zafi, yana lanƙwasa tsohuwar roba. Ban da fetur ko kalanzir. Kuma kar ka cusa reza ko allura a tsagin bakin. In ya buɗe fiye da kima, gyaransa aiki ne.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne maganar tawada. Tawadar allo tamu ta makarantar tsangaya akwai ƙaro a ciki, shi ke sa ta kama allo. Ga alƙalamin kara daidai ne, amma in ta shiga wannan siririyar hanya ta bushe, danƙo take zama. Nemi ta kwalba wadda aka yi don irinsa, kamar Quink ta Parker ko Pelikan 4001, ka tambaya wajen masu kayan rubutu a kasuwar Sabon Gari in ka shiga Kano. Kuma in za ka yi wata guda ba ka taɓa shi ba, zazzage tawadar ka ɗauraye kafin ka ajiye.