Mun Zo Ci Rani, Furfura Ta Same Mu A Kurmi



Duk wanda ya saba yin sallar asuba a babban masallacin Adjamé, ko a masallacin Avenue 8 na Treichville, ya san abin da zan faɗa: sahun gaba ya yi fari. Mutanen da muka tarar suna ɗaukar huhun goro a ka, suna tura amalanke daga tasha zuwa kasuwa, yau su ne ke zuwa da sanda, wasu ma da 'yar kujerar roba, don gwiwa ta ƙi sujada. Ni kaina mai wannan rubutu, ran da wani yaron gbaka ya kama hannuna ya ce a ba tsoho wuri, sai da na waiga in ga wane tsoho yake nufi. Ashe da ni yake.

Galibinmu da niyyar ci rani muka zo. A gama girbin gero a Adar ko Gobir ko Katsina, a ɗaure ƙunshi, a ce za a Kurmi, za a dawo kafin ruwan shuka. Rani ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama arba'in. To, tambayar da nake so mu duba a wannan wata ita ce: wa zai riƙe wanda tsufa ya riska a nan?

Yadda muka zo

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a wannan ƙasa. Tun kafin zuwan Nasara fatakenmu ke kai wa Bondoukou neman goro, kuma Bafaranshen nan Binger, da ya shiga Kong a 1888, ya tarar da Hausawa marina da unguwarsu da karofinsu. Amma cikar Abijan da mu, jirgin ƙasa ne da jirgin ruwa suka jawo ta. A 1904 aka fara shimfiɗa hanyar dogo, aka raɗa mata suna Abijan-Nijar. Ta isa Bouaké a 1912, Bobo a 1934, Wagadugu a 1954, amma Nijar ɗin da ke cikin sunanta ba ta taɓa ganin ta ba. Iyayenmu a mota ko a ƙasa suke cika sauran tafiyar.

A 1934 Abijan ta zama hedkwatar mulkin mallaka. Turawa suka zauna a Plateau, baƙar fata kuwa aka bar musu Adjamé daga arewa, da Treichville a ƙetaren ruwa, wadda da ake kira Anoumabo kafin a sa mata sunan Marcel Treich-Laplène. Da aka huda mashigin Vridi a 1950 manyan jiragen ruwa suka fara shigowa, aiki ya buɗe. Bayan samun 'yanci a 1960 marigayi Houphouët-Boigny ya bar ƙofa a buɗe ga baƙi, sa'an nan farin 1973 da na 1984 suka koro dubban samari daga ƙauyukanmu.

Muka kama abin da muka iya: fawa da tsire, goro, albasar Galmi, gadi, gyaran takalma, yankan farce, tallan agogo da yadi. Har abincin da ɗalibai da leburorin garin nan suka fi ci, wato aceke da soyayyen kifin tuna, sunan mutumin gidanmu yake amsawa: garba. Duk sana'o'in nan abu guda ya haɗa su. Da ƙarfin jiki ake yin su, kuma babu wadda ke da fansho a cikinsu. Ran da ƙafa ta gaza, ran nan ciniki ya tsaya.

Kurmin ma ya tsufa

Mu muka sa wa ƙasar nan suna Kurmi, kuma da gaskiyarmu. Wanda ya shigo ta jirgin ƙasa shekara hamsin da suka wuce zai gaya maka yadda itatuwa ke rufe sama idan an wuce Dimbokro. A farkon ƙarni na 20 dajin Kwaddibuwa ya kai kimanin hekta miliyan 16. Ƙidayar da aka fitar a 2021 ta nuna abin da ya rage bai cika hekta miliyan 3 ba. Gonakin koko da kofi da masu saran katako sun cinye saura. Mu da muka gudo wa hamada, a nan Abijan muka ga an yi babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yaƙi da gurgusowar hamada a watan Mayun 2022. Kowa ya daɗe zai ga daɗau.

Abin da ya rage mana a kusa shi ne dajin Banco, wanda ke maƙwabtaka da Adjamé. Faɗinsa kimanin hekta 3,400 ne, kuma tun 1953 gwamnati ta keɓe shi. Mutum ya shiga ciki da rana tsaka sai ya ji sanyi kamar ya shiga ɗakin soro, ƙarar motocin babbar hanya ta koma can nesa. Saiwoyin itatuwan nan ne ke tare ruwan sama ya nutse ƙasa, kuma daga wannan ruwa na ƙarƙashin ƙasa ake ɗebo kaso mai tsoka na abin da muke sha a famfo. Duk da haka sai da aka gina katanga a gefensa, saboda masu gini da masu saran itace da masu zubar da shara suna ta gutsurar sa. Jemagun nan na Plateau da ke tashi da almuru su rufe sama, duk wanda ya san su a da ya san sun ragu. Ruwan Ébrié da muke ƙetarawa a jirgin ruwa daga Treichville, wanda tsofaffi suka yi wanka a cikinsa suna samari, yau leda da robobi ne ke yawo a bakinsa.

Wani dattijo mahauci, wanda muke zama tare bayan la'asar, ya taɓa nuna mini cewa shi da dajin nan hali ɗaya suke ciki: kowa na shan inuwarsu, amma ba mai tambayar yadda suka kwana. Shi ne kuma ya ce mini ba ya kewar gida sai cikin Disamba ko Janairu, 'yan kwanakin nan da hunturu ke leƙo Abijan, sama ta yi hazo, leɓe ya bushe. Ran nan yakan fito ƙofar gida tun da sassafe ya zauna, don ita kaɗai ce iskar da ta biyo ta kan gonar mahaifinsa.

Garin da ba ya jira

Ƙidayar 2021 ta ce mutanen birnin Abijan sun haura miliyan biyar da rabi. Gari mai wannan yawa sauri yake yi. Gadoji biyu muka sani, ta Houphouët-Boigny ta 1957 da ta De Gaulle ta 1967, yanzu ga ta Bédié ta 2014, ga ta Alassane Ouattara ta 2023, ga wadda ta haɗa Yopougon da Adjamé a 2024. Abin farin ciki ne, amma ku tsaya a titin Nangui Abrogoua ku ga yadda mai shekara saba'in ke neman ƙetarawa tsakanin gbaka da woro-woro.

Wani zai ce me ya hana su tara tun suna da ƙarfi? Da yawa sun tara, zamani ne ya kwashe. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da mutum ya ɓoye a ƙarƙashin katifa ya zube cikin dare ɗaya. A 1997 gobara ta cinye babbar kasuwar Treichville. Rikicin 2002 da na 2010 zuwa 2011 sun bar wasu da rigar jikinsu kawai. A 2024 kuma aka yi rusau a unguwanni da dama, aka hana talla da bara da tura amalanke a kan manyan tituna. Saurayi zai iya sake sana'a. Tsohon da ya shekara talatin yana zaga gari da farantin goro fa? Banda haka, ribar da aka samu a shekarun albarka gida aka aika da ita: aka sayi hatsi, aka aurar da ƙanne, aka rufa wa iyaye asiri. Wannan ba sakaci ba ne.

Da, zaman gidan haya na tsakar gida ɗaya shi ne gatan tsoho. Bayarabiya ta miƙo masa tuwo, Bajula ya kai shi asibiti, 'ya'yan kowa su ɗebo masa ruwa. Yau masu gidaje na rushe irin waɗannan gidaje suna ta da benaye da shaguna, 'ya'yanmu kuma sun watse zuwa Abobo da Koumassi da Anyama. Ban ce yaran yanzu ba su da ladabi ba. Ko a yaren titi na Nushi, idan yaro ya ce maka vieux père girmama ka ya yi. Abin da ya ragu shi ne lokaci da kusanci. Jikan da aka haifa a nan Faransanci da Julanci yake ji, kakarsa kuwa Hausa, sai ka ga suna zaune kan tabarma ɗaya amma gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Na ambaci kaka da gangan, don iyayenmu mata sun fi shan wuya. Matar da mijinta ya rasu, wadda ta ƙare ƙuruciyarta kan kaskon ƙosai da fura, ba ta zuwa majalisa balle a ji kukanta.

Gida ko nan?

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da yawa daga dattawanmu na ɗauke da wannan magana a zuci. Idan ya koma, gonar an raba, sa'o'insa sun rasu, yaran gari na kiran sa ɗan Abijan. Jikinsa ya saba da laimar bakin teku, zafin bazara na neman ka da shi, maganin hawan jini ko na ciwon sukari kuma sai an je birni. Hanyar ma ba kamar da ba: an dakatar da jirgin fasinja na Wagadugu a 2020 lokacin korona, kuma rashin tsaro a Burkina Faso ya sa tafiyar mota ta zama abin fargaba. Idan ya zauna, ga kuɗin haya, ga takardu, ga tunanin cewa Williamsville ko Koumassi za a kai shi, nesa da kabarin iyayensa.

Ra'ayina shi ne kada mu yanke wa kowa hukunci. Ƙasar Allah ɗaya ce. Wanda ke son komawa a taimaka masa ya koma da mutuncinsa, da ɗan jari, da wanda zai raka shi. Wanda ya zaɓi zama kada a riƙa yi masa gori. Abin kunya shi ne wanda muke yi yanzu: mutum na kwance wata uku a ɗaki ba mai leƙa shi, ran da ya cika sai a fito da faranti a ƙofar masallaci, cikin sa'a guda a tara kuɗin likkafani da na mota. Da rabin kuɗin nan ya zo da wuri, da wataƙila magani aka saya da shi.

Abin da ke hannunmu

Na farko, katin inshorar lafiya na CMU. Dokar 2014 ce ta kafa shi, kuma ya shafi duk mazaunin ƙasar nan, ɗan ƙasa da baƙo. Jika guda ce a wata, wato sefa 1,000, inshorar kuma na ɗaukar kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinyar da ke cikin tsarinta. Dattawa da yawa ba su yi rajista ba don tsoron layi da Faransanci. Kowane saurayi mai karatu ya kama hannun tsoho ɗaya ya kai shi.

Na biyu, ga masu sauran ƙarfi. Asusun CNPS yana da tsarin masu sana'ar kansu, wanda ake kira RSTI, inda mahauci ko tela ko mai garba zai riƙa zuba wani abu don ya sami fansho. Iyayenmu ba su sami wannan dama ba. Mu da 'ya'yanmu ba mu da hujja.

Na uku, sarakunan Hausawa da limamai da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya su rubuta sunayen tsofaffin da ba su da kowa a unguwarsu, maza da mata. Adashin da muke yi don biki da suna, a ware masa kaso na jinya da haya. Zakka ma a fara duba maƙwabci da ita.

Na huɗu ba ya cin ko dala. A je a zauna da su. A tambaye su yadda suka zo, wace mota suka hau, wa ya sauke su, nawa ake sayar da huhun goro a lokacin. Mai waya ya ɗauki muryarsu ya ajiye wa jikoki. A yi wa yara Hausa a gida, don su iya jin labarin daga bakin mai shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wanda kuma ya sami sarari ran Lahadi, ya ɗauki mahaifinsa ko mahaifiyarsa da yara su je Banco. Daga Adjamé ba nisa. Su zauna a inuwa, tsoho ya nuna wa jikansa irin dajin da ya sa aka ce wa ƙasar nan Kurmi.

Makon jiya na koma wurin abokina mahauci. Na ce masa, Baba, ina gajiya? Ya ce gajiya ta bi lafiya, amma ƙafa ce ke ta kumburi. Ɗan maƙwabcinsa ya yi alkawarin kai shi rajistar kati ran Litinin. Zan bi sawu in ga ko an je.

Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.