Kafin Ka Sayi Fili A Amurka, Ka San Abin Da Ke Cikin Ƙasarsa

'Yan uwa masu niyyar sayen shago ko ginin masallaci a Amurka, a lura. Dokar CERCLA ta 1980 tana iya ɗora wa mai saye kuɗin tsabtace gurɓataccen fili, ko da ba shi ya gurɓata shi ba. Kariyarka ita ce binciken Phase I kafin a kammala ciniki. Ƙwararre zai duba tsofaffin takardu, ya zagaya wurin, ya yi wa masu shi tambayoyi. Idan ya ga alamar gurɓata, misali tsohon gidan mai ne, sai a shiga Phase II, a gwada ƙasa da ruwa. Binciken da ya wuce kwana 180 sai an sabunta shi. Allah Ya kiyaye.