Hukuncin Cin Shinkafa Da Ɗanyen Kifi

TAMBAYA: Ɗana yana karatu a Malesiya, ya ce a gidajen abinci ana sayar da shinkafa da yankakken ɗanyen kifi a kai, ana ce da shi sushi ko poke. Ya halatta ya ci?

AMSA: Ka sani, ɗan'uwa, cin kifi halal ne, dafaffe ko ɗanye, don dafuwa ba ta cikin sharuɗan halaccinsa. Allah Maɗaukakin Sarki ya halatta mana abin da ake kamowa a ruwa a Suratul Ma'ida, aya ta 96. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa kuma ya nuna mushen teku halal ne, shi ya sa ba a yanka kifi. A mazhabar Malikiyya har jatan lande da ƙaguwa sun shiga ciki, Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi.

Mu nan mun saba da banda da soyayye, ɗanye kuwa sai ya tayar mana da zuciya. Amma ƙyama daban, haramci daban. An kawo damo gaban Annabi (SAW) bai ci ba, saboda ba abincin mutanensa ba ne, Khalid bin Walid ya ci a gabansa bai hana shi ba.

Sai dai ka ja hankalin ɗanka kan abu biyu.

Na farko, abin da ake haɗawa da shi. Sushi daga Japan ya samo asali, kuma masu yin sa kan zuba mirin a shinkafar ko a romon da ake tsomawa. Mirin giyar shinkafa ce mai barasa kimanin kashi 14 cikin ɗari, wannan kam haramun ne. Ruwan khal ba laifi. Ya tambayi masu abincin kafin ya ci. A Malesiya hukumar JAKIM tana ba gidajen abinci shaidar halal, sai ya nemi wurin da ke da ita.

Na biyu, cutarwa, domin shari'a ta hana mutum ya cutar da kansa. Ɗanyen kifi kan ɗauke da tsutsar ciki. Masu wannan sana'a kifin teku suke amfani da shi, kuma ƙa'idar hukumar abinci ta Amurka ita ce a daskarar da shi kwana 7 a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili don tsutsar ta mutu. Tarwaɗa da karfasar da masunta ke kamowa a madatsar Tomas ta Ɗambatta ko Watari ta Bagwai ba a yi musu haka, don haka kada wani ya gani a waya ya kwaikwaya a gida. Namu a dafa shi ya nuna. Mai juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi da marasa lafiya kuwa su ƙaurace wa ɗanyen baki ɗaya.

In abincin ya tsira daga barasa da cuta, ya yi Bismillah ya ci. In yana kokwanto, barinsa ya fi.

Wallahu a'alam.