Ɓarawon da ya ɓuya cikin haruffa

A watan Satumba na shekarar 2011, masana na ɗakin binciken CrySyS, a wata jami'ar birnin Budapest ta ƙasar Hongiri, suka gano wani mugun shiri da yake shiga kwamfuta a asirce yana kwashe bayanai. Suka raɗa masa suna Duqu. An same shi a ƙasashe irin su Iran da Sudan da Faransa. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne ƙofar da ya bi: takarda ce ta Word, irin wadda ake aike wa kowane biro, amma an cusa mata wasu haruffa na musamman.

Mai karatu zai tambaya, ƙaƙa harafi zai zama ɓarawo? Haruffan da ake kira TrueType ba zane ba ne kawai. Suna ɗauke da ƴan umarni da suke gaya wa na'ura yadda za ta zana su a kan allo don su fito sarai, manya ko ƙanana. Wanda yake karanta umarnin nan a wancan lokaci kuwa wani sashe ne na Windows mai suna win32k.sys, mai kula da zane da tagogi. To, a lokacin akwai kuskure a cikinsa. In aka ba shi harafin da aka lalata da gangan, sai ya ruɗe, ya zartar da umarnin baƙo tamkar nasa.

Da a wani wuri kuskuren yake, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Amma tun 1996, sa'ad da Windows NT 4.0 ya fito, kamfanin Microsoft ya mai da aikin zane cikin ƙuryar tsarin, inda ikon na'ura duka yake, domin hotuna su riƙa fitowa da sauri. Kwamfutocin wancan zamani ba su da ƙarfi, saboda haka dalilin ba na banza ba ne. Sai dai kamar an ba mai fenti makullin ma'ajin gwamnati ne don kada ya ɓata lokaci wajen sallama. A ganinmu, nan ne babban laifin yake, ya fi kuskuren da aka kama nauyi.

Ma'aikacin da ya buɗe takardar ba zai ga kome ba. Yana karatunsa, shirin ya riga ya zauna, yana iya tattara bayanan na'urar har da abin da aka buga a kan madannai. Bayan kimanin wata guda kuma ya share kansa.

Ranar 3 ga Nuwamba 2011 Microsoft ya yi gargaɗi, ya ba da dabarar wucin gadi ta hana na'ura amfani da haruffan da aka cusa cikin takardu. Cikakken gyara ya zo ranar 13 ga Disamba. Fitar da aikin karanta haruffa daga ƙuryar tsarin kuwa, sai da aka jira Windows 10, wanda ya fito a 2015.