Kwamfuta ba ta ganin tudu, hawa take bi

Mu 'yan SLT muna da wata ɗabi'a: duk lambar da kwamfuta ta fitar, sai mu kwafe ta zuwa rahoto kamar an saukar da ita daga sama. Ni dai ina so duk wanda zai je SIWES wani ɗakin gwaji, ko na NAFDAC da ke nan Kaduna ne, ya san daga ina lambar take fitowa.

A injin HPLC ko GC, sinadaran da ke cikin samfur suna fitowa daga bututu ɗaya bayan ɗaya, na'urar ganowa kuma tana aika wa kwamfuta lambobi sau da dama a daƙiƙa. Shi ne zanen nan mai tudu-tudu. To manhajar, ko Empower ce ko ChemStation ko LabSolutions, ba ta san tudu ba. Kwatanta ɗigo take yi da na bayansa. Idan layi ya ci gaba da hawa da saurin da ya wuce iyakar da aka sa mata, sai ta ce tudu ya fara. Inda hawa ya juya gangara, nan ne ƙololuwa. Inda layi ya sake kwantawa, ta rufe. Sai ta ja layin tushe daga farko zuwa ƙarshe, ta yanka filin da ke sama siriri-siriri ta tara. Wannan faɗin ake gwadawa da na sinadarin da aka riga aka san yawansa.

Rigimar tana wajen iyakar nan. Ka sassauta ta, kowace 'yar rawar layi ta zama tudu. Ka tsaurara, ƙananan tuddai su ɓace ɓat. Shi ya sa aka saba cewa sai alama ta ninka rawar layi sau 3 kafin a ce an gano abu, sau 10 kafin a auna shi.

Idan kuma tuddai biyu suka manne fa? Manhajar na iya sauke layi a miƙe daga kwarin tsakaninsu. Amma in ƙarami ne ya hau jelar babba, wannan yankan zai ba shi filin da ba nasa ba, sai dai a share shi a karkace. Samfur ɗaya, amsa biyu.

Kada a ce wannan surutun 'yan lab ne. Tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 maganin haƙoran yara My Pikin ya hallaka yara aƙalla 84 a Najeriya saboda gubar dayetilin gilaikol. Da GC ake neman ta a kayan haɗa sirof irin su gilisarin, iyakarta kuwa kashi 0.1 cikin ɗari. Wato ɗan mitsitsin tudu ne kusa da ƙaton tudu.

Ana iya jan layin tushe da hannu, ba laifi ba ne, amma manhajar tana ajiye sunan wanda ya ja da lokacin, masu bincike kuma za su tambayi dalili. Saboda haka kafin ka kwafi lamba, ƙara girman zanen ka duba gindin kowane tudu, ka ga inda aka sa alamar farawa da ta rufewa.