GYARAN HOTO DA KWAMFUTA: INDA YA HALATTA DA INDA YA ZAMA JABU

Ya kamata jama'a su sani cewa hoton da ake ɗauka da wayar hannu ya sha bamban da wanda aka saba da shi a da. A wancan zamani mai hoto yakan sa fim a kyamara, in ya gama ɗauka ya shiga ɗaki mai duhu ya wanke da ruwan magani, sa'an nan ya buga a takarda. Hoton yanzu kuwa lambobi ne da aka adana cikin na'ura, kuma sauya lamba ba wani aiki ne mai wuya ba.

Ga yadda abin yake. Kowane hoto ya ƙunshi ƙananan ɗigo-ɗigo da aka jera layi-layi, waɗanda ido ba ya rarrabe su sai an faɗaɗa hoton ƙwarai. Galibi kowane ɗigo yana da lambobi uku masu nuna yawan ja da kore da shuɗi da ke cikinsa, kowace lamba daga 0 zuwa 255. Da waɗannan ake samun launi iri-iri har 16,777,216. Kyamarar farko ta wannan tsari, wadda Steven Sasson ya ƙera a kamfanin Kodak na Amurka a 1975, ɗigo 10,000 kawai take ɗauka, baƙi da fari, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda a kaset. Wayar da ke aljihun ɗan makaranta a yau tana ɗaukar miliyoyin ɗigo cikin ƙiftawar ido.

Manhajar gyaran hoto, watau irin su Photoshop da kamfanin Adobe ya fitar a 1990, da GIMP wadda ake samu kyauta, aikinta taɓa waɗannan lambobi. In an ce a ƙara haske, sai ta ƙara wa lambobin yawa. In an ce a share tabo, sai ta kwafo ɗigon da ke gefen tabon ta rufe shi da su. Haka kuma tana iya ɗora hoto a kan hoto falle-falle, har a ciro mutum daga wani taro a dasa shi a wani taron da bai taɓa halarta ba.

Amfaninta ba ya ɓoyuwa. Hoton kakanni da ya koɗe ko gara ta ci gefensa ana iya farfaɗo da shi. Hoton biki da aka ɗauka da almuru ana iya haskaka shi. Mai sayar da atamfa ko takalma yana iya yanke tarkacen da ke bayan hajarsa domin ta fito sosai, muddin bai sauya mata launi ba, don mai saye ba zai yafe ba in ya biya kuɗin shuɗi aka kawo masa toka-toka.

YAUDARA DA HOTO

Ha'inci da hoto ya girmi kwamfuta. A Tarayyar Sobiyet, bayan an kashe Nikolai Yezhov, tsohon shugaban 'yan sandan ciki, a 1940, an share shi daga wani hoto da ya ɗauka yana tafiya kusa da Stalin a bakin ruwa, aka cike gurbinsa kamar ba a taɓa yin sa ba. Amma wannan aikin ƙwararru ne masu buroshi da fenti. Da kwamfuta ta zo sai ƙofa ta buɗe ga kowa. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar'uwarta don hoton ya shiga bangon mujallar, ta kuwa sha suka. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar masa hoto da ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut lokacin yaƙi, ya kuma janye hotunansa duka. A 2008 manyan jaridun duniya suka buga hoton gwajin makamai masu linzami na Iran mai nuna huɗu sun tashi, daga baya aka gane kwafo ɗaya aka yi aka liƙa. In editoci masu gilashin duba aiki sun ruɗu, ina ga mai duba waya a tasha?

Abin ya ƙara tsanani tun daga 2022, da aka sami manhajojin da ke ƙirƙiro hoto daga rubutu kawai, ba tare da kyamara ba. A watan Maris na 2023 hoton Fafaroma Francis sanye da wata ƙatuwar farar rigar sanyi ya zagaye duniya, alhali kuwa bai taɓa sa ta ba.

A ƙasa irin Nijeriya, inda hoto guda kan iya harzuƙa unguwa a kan unguwa, lalle ne mai waya ya tsaya ya duba kafin ya tura. Ya dubi inuwa, ko duk ta faɗi gefe guda. Ya dubi taron jama'a, ko akwai fuska ko hula da ta maimaitu. Ya dubi yatsu da rubutun alluna da gefen jiki inda aka yi yanka. Sai dai waɗannan alamu suna raguwa yayin da manhajoji ke ƙwarewa, kuma sau da yawa hoton na gaskiya ne, bayanin da aka raɓa masa ne ƙarya: tsohon hoton wata ƙasa a ce jiya aka ɗauka a garin wane. Maganin wannan shi ne a sa hoton a Google Lens ko TinEye, su nuno wuraren da ya taɓa fitowa.

HOTON TAKARDUN HUKUMA

Nan ne mutane da dama ke jawo wa kansu wahala ba da mugun nufi ba. Hoton fasfo, wanda Nijeriya ta mai da na lantarki a 2007, da na lambar shaidar ɗan ƙasa, galibi a wurin rajista ake ɗaukar su. Amma akwai takardun neman aiki da na makaranta da na biza waɗanda mutum da kansa yake aika hotonsa. Kada a yarda mai shagon hoto ya hasken fata, ko ya rage kumatu, ko ya share tsagar gado da tabon fuska da sunan kwalliya. Hoton shaida an yi shi ne don a gane mai shi, kuma jami'i ko na'urar tantance fuska za su gwada shi da fuskar da ta tsaya a gabansu. In suka saɓa, mai takarda ne zai yi ta zirga-zirga.

Wanda kuwa ya sauya hoto ko suna a takardar shaida da gangan ya shiga hurumin doka. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta hana sauya bayanan kwamfuta da nufin a ɗauke su na gaskiya, ta kuma hana yin sojan gona da sunan wani, kuma hukuncin ya haɗa da tara da ɗauri.

Mai son gyara hotonsa na gida ya riƙa yin aikin a kan kwafi, ya ajiye na asali. Dalili kuwa, tsarin JPEG da yawancin wayoyi ke amfani da shi yakan zubar da wani abu daga hoton duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Na asalin yana kuma ɗauke da ɓoyayyen bayani na rana da lokaci da irin na'urar da ta ɗauka, wanda kan yi amfani in an shiga gardama. WhatsApp yakan matse hoto ya cire wannan bayani, sai fa in an aika shi a matsayin fayil.