In Mota Ta Fara Misin, A Bincika Kafin A Sayi Kaya

Ba abin da ke tayar wa direba hankali kamar ya taka totur zai wuce tirela a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, ga wata mota ta taho, sai injin ya fara jijjiga, ƙarfi ya tafi. Wannan cuta ita ce kanikawa ke kira misin, watau ɗaya daga cikin silindojin injin ta daina ƙona mai. A mota mai silinda 4, mutuwar guda ɗaya ta isa ta kwashe aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta, alhali tana shan mai kamar da, ko ma fiye. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wannan asara ba ƙarama ba ce.

Abubuwa 3 ne ke sa injin fetur ya yi aiki: wuta, da gaurayen mai da iska, da kuma matsi. In ɗayansu ya gaza, sai a ji misin. Saboda haka ƙwararren bakanike yakan bi su ɗai-ɗai, ya fara da mai araha.

A kan fara da wuta. A zamanin Fijo 504, wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna cikin 1975, bakanike yakan bar injin yana silo, ya riƙa zare wayoyin filogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka zare amma ƙarar injin ba ta sauya ba, to nan cutar take. Motocin yanzu ba su da kwantak, galibi kowane filogi da koyil ɗinsa. Sai a musanya koyil ɗin da ake zargi da na maƙwabcinsa. In misin ya bi shi, an kama ɓarawo.

Shi kansa filogi yakan ba da labari. Bakin lafiyayye ruwan ƙasa ne. Busasshen baƙin hayaƙi alamar mai ya yi yawa ne ko iska ta yi kaɗan, fari fat kuwa alamar mai ya kasa. In aka same shi jiƙe da baƙin mai, to maganar ta kai ga ringin fistan ko robar bawul, sabon filogi ba zai warkar da ita ba. A nan ne ake kawo ma'aunin matsi.

Ta wajen mai da iska kuwa, ƙurar hunturu kan toshe matatar iska, datti ko ruwa a cikin fetur kuma su toshe nozul, su wahalar da famfon mai. Masu motoci ba su manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, ya jefa motoci da dama gareji a Legas da Abuja.

Tun daga 1996, motocin da aka yi domin kasuwar Amurka suna da kafar da ake jona na'urar bincike. Lamba P0301 tana nufin misin a silinda ta 1, P0300 kuwa misin ne mai yawo. Sai dai na'urar ta fi nuna inda ciwon yake, gano dalilinsa aikin bakanike ne.

Fitilar injin da ke ƙiftawa a gaban direba gargaɗi ne ya rage gudu ya nemi gareji, domin ɗanyen mai yana gangarawa salansa ya ƙone katalis, wanda kuɗinsa ya ninka na filogi sau da yawa. Mai mota kuma yana da haƙƙin ya tambayi bakanike gwajin da ya yi kafin ya ce a sayo kaya.